Tsinken da ba ya rufa wa kowa asiri

A liyafar mutanen Italiya, kafin a kawo babban abinci, akan fara zagayawa da abin da suke kira antipasto, wato ɗan abin taɓawa da ke buɗe wa baƙo ciki. Cikin irin waɗannan kayan maƙulashe akwai wani da ya karaɗe duniya saboda sauƙinsa: ɗan ƙaramin tumatir, ɗan dunƙulen farin cuku mai suna mozarela, da ganyen basiliko guda, a soke su a tsinke, a ɗiga man zaitun, a barbaɗa gishiri. Ba a ɗora tukunya, ba a hura wuta. Yaro ɗan firamare ma zai iya haɗa shi. To amma a makon nan ina so mai karatu ya duba tare da ni abin da ya sa wannan abinci mai sauƙin haɗi yake da wuyar yin daɗi, domin a cikin amsar akwai abin da ya shafe mu.

Asalin tsinken wani haɗi ne da ake ci a faranti, mai suna kaprese, wanda ya samo sunansa daga Kapri, wani ƙaramin tsibiri da ke gaɓar birnin Napoli a kudancin Italiya. Launukansa uku, kore da fari da ja, su ne na tutar ƙasar, shi ya sa Italiyawa ke kallonsa da wani irin alfahari. Sai dai tumatir ɗin da suke tinƙaho da shi baƙo ne a wurinsu. Daga nahiyar Amurka Sifaniyawa suka kawo shi Turai a ƙarni na 16, kuma sunan da muke kiransa da shi a Hausa ya samo tushe ne daga harshen mutanen Aztek na Meziko. Masanin tsirrai Pietro Andrea Mattioli ya ambace shi a littafinsa a 1544, amma an daɗe ana ɗari-ɗari da cinsa. Sai a ƙarshen ƙarni na 17 wani shugaban madafa a Napoli, Antonio Latini, ya buga yadda ake miya da shi. Ashe abin da al'umma ke kira gadonta, sau da yawa baƙo ne da ta karɓa ta yi masa tarbiyya.

Haɗin kansa yana da 'yan ƙa'idoji, kuma kowace da dalilinta. Ana zaɓen ƙananan tumatir masu girman goruba ko ƙasa da haka, waɗanda suka nuna a jikin uwarsu, a wanke su sosai a tsane. Ba a ajiye su a firiji, domin sanyi yana kashe ƙamshin tumatir, ya mayar da namansa kamar gari. Cukun kuwa, wanda akan sayar da shi ƙanana-ƙanana cikin ruwansa, sai an tsame shi an shimfiɗa a kan tsumma mai tsabta ya zubar da ruwa, in ba haka ba tire zai koma tafki kafin baƙi su zauna. A fito da shi daga sanyi kamar rabin sa'a kafin a ci, don ɗanɗanon madarar ya fito. Ganyen basiliko, wanda ɗan'uwan ɗaɗɗoyarmu ne ko da yake ya fi ta laushi da sanyin ƙamshi, ba ya son wuƙa kuma ba ya son murza. Da zarar ya ji rauni sai ya yi baƙi. Ana ninka shi ne gida biyu a soke shi tsakanin tumatir da cuku, yadda duk wanda ya kai loma zai ji ukun a lokaci guda.

Gishiri shi ne na ƙarshe, dab da za a fita da tiren, saboda yana janyo ruwa daga jikin tumatir. Wasu na ƙarawa da wani ruwan tsami mai kauri da ake kira balsamiko, na garin Modena da ke arewacin ƙasar, sai dai haɗin na asali man zaitun da gishiri kawai ya sani, kuma tsami yana ƙona ganyen idan ya jima a kansa. Mai baƙi 20 ya tanadi tsinke 50 zuwa 60, ya wadatar. Sannan akwai batun lafiya, wanda bai kamata a yi wasa da shi ba: ɗanyen cuku ba ya jure zafi. Ƙa'idar masana tsabtar abinci ita ce kada ya wuce sa'a 2 a waje, idan kuma zafin wurin ya haura digiri 32, sa'a 1 ce tak.

Duk wanda ya lura zai ga cewa babu ɗaya cikin waɗannan ƙa'idoji da ke ƙara wa abincin wani abu. Gaba ɗayansu kiyayewa ce, don kada a ɓata abin da ya riga ya zo da kyansa. A nan bambancin yake. A tukunyar miya, mai girki na da dabaru da yawa. Idan tumatir ya yi lami ta ƙara na gwangwani, idan ya yi tsami ta jefa kanwa, ta kawo tattasai da attaruhu da daddawa da dunƙulen magi su rufa masa asiri. A kan tsinke babu wannan sutura. Tumatir ɗin da aka tsinka ɗanye ya nuna a cikin kwando zai tona kansa tun a lomar farko, haka cukun da ya kwana biyu. Gwanintar ta bar hannun mai girki ta koma hannun manomi da makiyayi da mai sarrafa madara. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Italiyawa sun fahimci haka, suka mayar da shi doka. Mozarela mafi daraja ita ce ta madarar ɓaunar ruwa da ake kiwo a yankin Kampaniya, musamman a lardunan Kaserta da Salerno. Madarar ɓauna ta kusa ninka ta saniya a maiƙo, kuma kimanin lita 4 ke ba da kilo 1 na cuku. Bayan madarar ta daskare ta yi tsami daidai gwargwado, sai a zuba mata ruwa mai zafin gaske a riƙa ja ana naɗewa har ta yi danƙo, sannan a riƙa gutsura da hannu ana jefawa cikin ruwan sanyi. Daga wannan gutsurar, mozzare a harshensu, sunan ya fito. Masu sana'ar sun kafa ƙungiyar kare ta a 1981, kuma a 1996 Tarayyar Turai ta ba ta shaidar kariyar asali. Ma'anarta ita ce ba wanda ya isa ya sa wa hajarsa sunan mozarelar ɓaunar Kampaniya sai ya yi ta a yankin da aka iyakance, da madarar ɓauna zalla, cikin sa'o'i 60 da tatsa. Tumatir ɗin San Marzano da basilikon Jenowa su ma suna da irin wannan shaida. Saboda haka mai saye ya san abin da ya biya, mai yi kuma yana samun ladar wahalarsa.

Suna irin wannan amana ce, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. A 2008, lokacin da rikicin shara ya dabaibaye Napoli da kewayenta, an gano gubar dayoksin fiye da ƙima a madarar wasu garkunan ɓauna. Garkunan da abin ya shafa kaɗan ne cikin masu yawa, amma Koriya ta Kudu da Japan suka dakatar da shigo da cukun, ciniki ya faɗi, mai laifi da marar laifi duk suka ɗanɗana kuɗarsu. Sai da aka killace garkunan aka tsananta gwaji kafin kasuwa ta dawo. Wake ɗaya ne ke ɓata gari, kuma inda jama'a suka yi tarayya a suna guda, dole kowa ya sa ido a kan maƙwabcinsa.

Kada kuma mu ɗauka komai na can lafiya lau yake. Dokar da ta kare sunan amfanin gona ta daɗe ba ta kai ga hannun da ke tsinkar sa ba. A filayen Fojiya da ke kudu maso gabashin ƙasar, inda ake noman tumatir na masana'antu, yawancin masu tsinka baƙi 'yan ci-rani ne, da yawansu 'yan Afirka ta Yamma, waɗanda dillalan ƙwadago ke kwasa a motoci suna yankar wani abu daga ɗan abin da ake biyansu. Majalisar ƙasar ta tsaurara doka a kan wannan dillanci a 2016, amma duk da haka a watan Agusta na 2018 ma'aikata 16 suka rasu a haɗurran mota biyu cikin kwana uku, suna dawowa daga gona. Kyan abin da ke kan faranti bai isa shaida a kan adalcin da aka yi wajen samar da shi ba.

To mu fa? Kayan nan uku ba baƙinmu ba ne. Muna da tumatir a Kadawa da sauran fadamun noman rani, muna da ɗaɗɗoya a bayan ɗaki, matan Fulani na daskarar da madara da ruwan tumfafiya su fitar da farin cuku mai laushi, tsinke kuwa ko mai tsire ya isa shaida. Abin da muka rasa shi ne al'adar tambayar asali. Tumatir a wurinmu kwando ne, babba ko ƙarami, ba a tambayar irinsa ko gonarsa ko ranar da aka tsinke shi, tunda dai injin markaɗe zai haɗe na kirki da ruɓaɓɓe. Manomin da ya bari nasa ya nuna a jiki, ya kiyaye lokacin feshi, kuɗi ɗaya yake karɓa da wanda bai damu ba. Wa zai ci gaba da wahalar da ba ta da lada? Jamhuriyar Nijar ta fara nuna hanya da ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajistar asali a hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Afirka da ke Yawunde. Wannan aiki ne da tsangayoyin aikin gona da na shari'a a jami'o'inmu ya kamata su sa a gaba, tare da ƙungiyoyin manoma da makiyaya.

Wanda ke da walima a gaba, yana kuma sha'awar gwada wannan tsinke, shawarata gare shi ita ce ya rage lokacin da zai ɓata wajen ƙawata tire, ya ƙara na zuwa kasuwa. Ya ɗanɗana tumatir kafin ya saya, ya tambayi ranar da aka yi cukun, ya tsinko ganyen da safiyar ranar. Idan bai sami masu kyau ba, gara ya soya wa baƙinsa ƙosai mai zafi da ya jera musu launi uku marasa ɗanɗano. Idan kuma ya samu, ya biya farashin da ya dace ba tare da dogon ciniki ba, domin wanda ya noma da wadda ta tatsa su ne suka yi girkin tun kafin kayan su iso madafarsa.

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.