Daga Ikko Zuwa Tsibirin Gberefu: Shin Kai Iyali Bakin Teku Yawon Banza Ne?

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi, amma ga dukkan alamu Malam Bahaushe bai yarda da wannan karin magana ba sai in tafiyar ta fatauci ce, ko ta almajirci, ko ta sauke farali. In kuwa aka ji magidanci ya kwashi matarsa da 'ya'yansa ya nufi wani gari ba don biki ko ta'aziyya ba, sai don kallo kurum, to ranar majalisar unguwa ta sami abin taunawa. Haka ta faru ga wani malamin makaranta a Zariya, wanda ya yi shekara guda yana adashi, da hutu ya zo ya ɗebi iyalinsa suka tafi Ikko, daga can suka zarce Badagiri, suka haye ruwa zuwa tsibirin Gberefu. Da ya je yi wa mahaifiyarsa sallama, abin da ta ce masa shi ne, "Yanzu kai duk ruwan da ke Kubanni bai ishe ka kallo ba, sai ka kai mini jikoki bakin teku?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya, a dai sa mana albarka."

Tsohuwa ba ta yi laifi ba, domin kuɗin mota da na masauki ba wasa ba ne, hanya kuma tana da nisa da hatsari. Amma duk da haka malamin nan shi ke da gaskiya, kuma gaskiyar tasa ta shafi ɗalibin Hausa fiye da kowa.

Kwana biyun da suka yi a Ikko ba su da wani dogon labari. Yara sun ga gadoji da cunkoson motoci, sun ga manyan jiragen ruwa a Apapa, uwargida ta sayi atamfa a kasuwar Balogun, ƙaramin cikinsu ya ɗanɗana ruwan teku ya tofar. Wannan duk nishaɗi ne, ba kuwa abin raini ba ne ga yaran da ba su taɓa ganin ruwan da ido ba ya hango gaɓarsa ba. Amma da a nan tafiyar ta tsaya, da maganar Iya ta yi nauyi.

Badagiri garin Egun ne, yamma da Ikko, dab da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin. Tsakaninsa da teku akwai wani ruwa kwantacce mai faɗi, bayansa kuma sai zirin yashi mai itatuwan kwakwa, wato Gberefu. Wannan ruwan ne aka riƙa haye da bayi a kwalekwale, a kora su a ƙasa cikin mari har bakin teku inda jiragen Turawa ke jira. Tun wajen 1736 garin ya zama tashar wannan mugun ciniki. Baƙo zai tarar da sarƙoƙi da ƙuƙumi a gidan kayan tarihi na iyalin Mobee, ya kuma tarar da gidan Seriki Williams Abass mai ɗakunan tsare bayi arba'in. Shi wannan Abass, wanda ya rasu a 1919, bawa ne tun farko, daga baya ya zama mai sayar da bayi, har ya riƙe sarautar shugaban Musulmin garin. Masu nazarin aron kalmomi sai su lura, wannan "Seriki" ba wata kalma ba ce illa "sarki" ta Hausa da ta sha ruwan kurmi.

To, ina ruwan Bahaushe da tsibirin Egun? Nan ne jahilcin ya yi katutu. Yawancin yaran Arewa, har da waɗanda suka kai jami'a, sun ɗauka cinikin bayi na teku labarin mutanen Kudu ne da Turawa, alhali kuwa ba haka ba ne. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun samar da kamammu masu yawa, waɗansu aka bi da su Hamada, waɗansu kuwa aka gangaro da su ta Nufe da ƙasar Yarabawa zuwa tashoshin gaɓar nan, wato Ikko da Badagiri da Porto Novo da Wida. Da yawansu a Bahiya ta ƙasar Birazil suka ƙare. A 1807 hukumar birnin Salbado ta bankaɗo shirin tawaye na bayi Hausawa, aka kuma yi tawaye a 1809 da 1814. A watan Janairu na 1835, cikin azumi, bayi Musulmi suka yi babban boren da ake kira na Male. Yawancinsu Yarabawa ne, amma da Hausawa a ciki, an kuma sami layu da takardu masu rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ke nan akwai almajiran da suka bar allo a ƙasar Hausa suka mutu a hayin teku da takobi a hannu, ga shi ko sunansu ba a ambata a darasin tarihi na makarantun garinsu.

Ba ma shi ke nan ba. Daga Badagiri Kilafatan ya tashi a watan Disamba na 1825 ya nufi Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda ajali ya riske shi a 1827. Cikin ayarinsa akwai wani Bahaushe mai suna Abubakar, wanda Turawa suka laƙaba wa Pasko, shi ma an taɓa sayar da shi ga masu jirgin bayi, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi. A Ikko kuwa, Hausawan da suka gudu daga hannun iyayengijinsu ne Kyaftin Gulaba ya tara a 1863 ya ba su bindiga, daga wannan 'yar rundunar ce sojan Nijeriya ya samo tushe.

Amma abin da ya fi kamata ya sosa zuciyar ɗalibin wannan sashe shi ne asalin fannin da yake karantawa. Nazarin Hausa a rubutun boko daga bakin bayi ya fara. J. F. Schön ya soma koyon Hausa ne wajen 'yantattun bayi a Saliyo, ya fitar da nahawunsa a 1862 da ƙamusunsa a 1876. Littafinsa Magana Hausa na 1885 kuwa, kaso mai tsoka daga cikinsa daga bakin Dorugu ya fito, yaron nan na ƙasar Damagaram da aka kama tun yana ƙarami, aka 'yanta shi a Barno, Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. Ɗalibi zai haddace waɗannan shekaru don jarrabawa ya ci, ba tare da ya taɓa tambayar yadda aka yi mai jin Hausa ya tsinci kansa a Saliyo ba. Wanda ya ɗaga sarƙar wuya a Badagiri ya ji nauyinta, wannan tambaya ba za ta ƙara kuɓuce masa ba.

Ana iya cewa ai duk wannan yana cikin littattafai, kuma littafi ya fi kuɗin mota araha. Gaskiya ne. Har ma littafi ya fi waɗansu masu yi wa baƙi jagora riƙon amana, domin sukan ƙara gishiri, su tura shekarun garin baya, su faɗi adadin bayi kamar su suka ƙidaya. A tsakiyar Gberefu akwai wata rijiya da suke cewa duk bawan da ya sha ruwanta sai ya manta gida. Wannan almara ce, kamar yadda kowane gari ke da tasa. Sai dai littafi ba ya haifar da irin tambayar da 'yar malamin nan, mai shekara goma sha biyu, ta yi sa'ad da suke tafe cikin yashi, rana na dukansu, ƙarar teku na ƙara matsowa. Ta ce, "Baba, wa ya kawo su nan?" Ya ce Turawa ne suka saye su. Ta ce, "A'a, Baba, wa ya sayar?"

Uwargida ta dube shi ta ce, "Malam, sai ka amsa mata." Ya kuwa amsa, ya gaya mata cewa baƙaƙe ne 'yan'uwansu, cikinsu har da Hausawa fatake. Wannan ita ce gaɓar da ake tsallakewa a gida da makaranta. Kasuwar Kurmi ta Kano ta yi cinikin bayi, gandayen sarakuna da rinjojin attajirai da ƙarfin bayi aka noma su. Ingila ta haramta cinikin a 1807, Birazil ta rufe ƙofarta a 1850, amma a Arewa sai a 1901 Lugga ya yi shelar cewa duk ɗan da aka haifa daga wannan shekara ɗa ne, bautar kanta kuwa ba a soke ta ɗungurungum ba sai a 1936. Har gobe akwai gidajen da in an zo neman aure sai a koma ɗaki a yi raɗa a kan asali. Yarinyar da ta taka yashin Gberefu, in ta girma aka yi wannan raɗar a gabanta, da wuya ta yi shiru.

Masu hali a Arewa ba su ƙi yawo ba, domin ana ganinsu suna kai iyali Dubai da Misira. Ƙungiyoyin ɗaliban Hausa su ma sukan fita ziyara, amma kullum zangon ɗaya ne: rijiyar Kusugu, Gobarau, Dala, Gidan Makama, Hubbare. Wurare ne masu daraja, sai dai dukkansu labarin sarauta da nasara suke bayarwa. Ya kamata ko sau ɗaya a shekara uku motar sashe ta juya kudu, a nemi malamin tarihi guda ya shiga ayari don ya tace maganar 'yan jagora, a kwana a Ikko, da sassafe a kama hanyar Badagiri kafin motoci su cushe.