Tiyata mai araha ba a rasit kaɗai ake gane ta ba

1/ Jama'a, mu yi maganar kuɗin tiyata. In likita ya ce akwai tsakuwa a matsarmama, sai an cire, tambayarmu ɗaya ce: "Nawa ne?" Ni a ganina rabin lissafi ke nan.

2/ Hanya biyu ce. Ko a tsaga ciki, kamar yadda Carl Langenbuch ya fara a Jamus a 1882, ko a yi ƴan huji uku ko huɗu a zura kyamara, wato laparoskopi, wanda Erich Mühe ya fara a 1985.

3/ A rasit, ta kyamara takan fi tsada. Na'ura, iskar da ake hura ciki, wuta marar yankewa, ƙwararren likita, duk kuɗi ne.

4/ Amma ku duba bayan aikin. Mai huji yakan koma gida a ranar ko washegari, ya koma sana'a cikin mako biyu. Wanda aka tsaga, kwana 3 zuwa 5 a gadon asibiti, sannan wajen mako shida kafin ya warware.

5/ Ɗauki ɗan adaidaita sahu. Bambancin wata guda ke nan ba fita, ba cefane, mai keke na jiran balas. Ƙara mai jinya da ta rufe shagonta, abinci, kuɗin mota, wankin ciwo. Wa ya rubuta waɗannan a rasit?

6/ Rahoton kwamitin Lancet na 2015 ya ce duk shekara mutum miliyan 33 kuɗin tiyata ke durƙusarwa, wasu miliyan 48 kuma kuɗin sufuri, abinci da masauki ne ke kayar da su. Kun ga wanne ya fi yawa?

7/ Ba cewa nake kowa sai kyamara ba. Inda babu na'ura, tsagawa a hannun gwani ta fi zaman jira. Tsakuwar da ba ta ciwo kuwa, yawanci ba a taɓa ta.

8/ Wadda ta fara ciwo ce jinkiri ke ninka wa kuɗi: kumburi, shawara, kwanciyar gaggawa. Masu sikila ku kula, ta fi kama ku tun da ƙuruciya.

9/ Don haka ku tambayi likita: Kwana nawa zan kwanta? Yaushe zan koma aiki? In na jira fa, me zai faru? Inshorar lafiya za ta biya nawa?

10/ Ku haɗa duka tukuna, sannan ku ce wanne ne mai araha.