Zare: ɓoye takardar haraji ba jarumta ba ce

1/ Jiya na ga wani mai tarin mabiya a nan yana ba mutane shawara, wai duk wanda hukumar haraji ta aiko wa takarda ya yaga kawai, "ai ɓarayi ne." Jama'a sai tafi suke masa. Irin wannan shawarar ce ta kusa hana ni rijistar makaranta bara. Ku gyara zama, zaren da tsawo. 🧵

2/ Kawuna ne ke biya min kuɗin makaranta tun rasuwar Baba. Yana da ɗan kamfanin ɗab'i, ma'aikata takwas. Mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin maƙwabci. Amma shekara huɗu yana cire haraji daga albashin ma'aikatansa, yana ɗora VAT a kan kwastomomi, ko sisi bai kai wa hukuma ba.

3/ Takarda ta farko ta zo, ya jefa a durowa. Ta biyu ta zo, ya ce "yaro, rabu da su, za su gaji." Ta uku ta zo, wani mai ƙaryar yana da hanya ya karɓi kuɗi a hannunsa wai zai "kashe maganar." Ba rasit, ba komai. Har yau wayarsa a kashe.

4/ Ranar da zan biya kuɗin rijista, Kawu ya je banki aka ce an sa wa asusun kamfani takunkumi. A makon kuma jami'an jiha suka manna takarda a ƙofar shago. Tarayya ta riƙe wuya, jiha ta riƙe ƙafa. Sai da Inna ta sayar da ɗan kunnenta na shiga aji.

5/ To mai cewa a yaga takarda, ina kake ranar? Kai dai ka samu mabiya, ka kashe data, ka yi barcinka. Wanda ya bi maganarka shi ya kwana yana juyi.

6/ Bari mu rarrabe, don da yawanmu ba mu san wa ke bin wa ba. Harajin ribar kamfani da VAT na gwamnatin tarayya ne, hukumar FIRS ke karɓa, wadda sabuwar doka ta mayar NRS. Harajin albashi, wato PAYE, da na ɗan kasuwa mai cin gashin kansa, na hukumar harajin jiharka ne.

7/ Ma'ana bashi biyu ne, masu bin bashi biyu, fayil biyu. Biyan ɗaya ba ya wanke ka a wajen ɗaya. Kawu ya zaci "gwamnati ai ɗaya ce." A wajen karɓar kuɗi ba ɗaya ba ce wlh.

8/ Ga inda na fi jin haushi. PAYE da VAT tun asali ba kuɗin ɗan kasuwa ba ne. PAYE guminka ne kai ma'aikaci, aka yanka daga albashinka. VAT kuma, kashi 7.5 cikin 100 tun Fabrairun 2020, mai saye ne ya biya. Ɗan kasuwa ɗan aike ne kawai. Ɗan aike ya cinye saƙo, me sunansa?

9/ Na faɗa wa Kawu haka, cikin ladabi, kaina a ƙasa. Ya yi shiru ya daɗe. Ɗaya daga cikin ma'aikatansa ya taɓa neman takardar shaidar biyan haraji aka ce babu sunansa, alhali duk wata ana yankar masa. Wannan ba gwamnati aka cuta ba. Talaka ɗan'uwanmu aka cuta.

10/ Na san abin da za ku cika min akwati da shi: "Me suke mana da kuɗin? Ina wuta? Ina ruwa? Ina magani a asibiti?" Gaskiya ne. Ni ma a hostel da guga nake layin ruwa. Ba na kare kowace gwamnati a nan.

11/ Ƙyamar haraji a Arewa ma tana da tarihi. Kakanninmu sun ga yadda ake shanya mutum a rana kan kuɗin haraji, Fulani sun sha wuyar jangali. Shi ya sa da Abubakar Rimi ya soke su a Kano a 1979 talakawa suka yi murna. Amma Rimi da ikon gwamna ya soke, bayan an ci zaɓe. Ba a durowa aka soke ba.

12/ Fushinka bai hana bashi girma. Akwai tarar kashi 10 cikin 100 a kan abin da ba ka biya ba, ga kuɗin ruwa yana hawa kullum. Kai da kake gudun riba a banki, ka zauna riba tana taruwa a kanka saboda taurin kai. Wane irin lissafi ne wannan?

13/ Abin da ya fi cutar Kawu: in ba ka kai bayanan kasuwancinka ba, hukuma na da ikon yi maka ƙiyasi da kanta. Ta ga kuɗi sun shiga asusu, ta lissafa kamar duk ciniki ne, har da bashin da ka ciyo da kuɗin adashi. Doka ta ba ka kwana 30 ka rubuta ƙin yarda. Ka yi shiru, ƙiyasin ya zauna daram.

14/ Kwana 30 ɗin nan su ne garkuwarka. Mai cewa ka yaga takarda, garkuwar yake cewa ka yaga.

15/ Ku dubi manyan kamfanoni. A 2018 Antoni Janar Abubakar Malami ya nemi MTN ta biya dala biliyan 2 na bashin haraji. Sun gudu? Kotu suka tafi. A Janairun 2020 ya janye buƙatar, ya miƙa batun ga FIRS da Kwastam.

16/ A 2021 FIRS ta ce tana bin MultiChoice, masu DStv, naira tiriliyan 1.8. Suka ɗaukaka ƙara, aka koma teburin sulhu. A 2024 kamfanin ya sanar an daidaita a kan kusan naira biliyan 35. Ku sake duba lambobin nan biyu.

17/ Za ka ce ai su masu kuɗi ne, suna da lauyoyi. Haka ne, kuma abin takaici ne a ce babba ana ba shi kujera da shayi, ƙarami a sa masa kwaɗo a ƙofa. Amma ƙofar da suka bi a buɗe take ga kowa. Akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, ta shiyyarmu tana Kaduna, akwai a Bauchi da Jos.

18/ Ga abin da muka yi, ko wani zai amfana. Na ɗaya, muka kwaso duk takardun durowa muka jera bisa kwanan wata. Na biyu, muka ciro bayanan banki na shekarun duka. Na uku, muka nemi akanta mai lasisi, mai ofis, wanda ke ba da rasit in ya karɓi kuɗin aikinsa.

19/ Na huɗu, aka cike bayanan duk shekarun da aka tsallake, ko da babu kuɗin biya a hannu. Rashin kai bayani laifi ne daban, da tararsa daban. Na biyar, aka rubuta wa kowace hukuma wasiƙarta: ga ainihin abin da muka yarda ana binmu, ga hujja, a ba mu damar biya kashi-kashi, a sassauta tara.

20/ Ba a yafe komai da komai ba, kar in yi muku ƙarya. Amma da aka ware kuɗin da ba ciniki ba ne, adadin ya sauko sosai. An buɗe asusu bayan biyan kashin farko. Kawu ya sayar da mota. Har yanzu yana biya duk wata, yana kuma barci.

21/ Ƙa'ida ɗaya: kada ka ba kowa kuɗin haraji a hannu. Ta banki, cikin asusun gwamnati, ka karɓi shaida ka adana. Duk jami'in da ya ce "kawo a san yadda za a yi," kai zai bari da bashin ranar da aka canza masa wurin aiki.

22/ Masu jiran afuwa kuma, an taɓa yi. Shirin VAIDS, daga Yulin 2017 zuwa ƙarshen Yunin 2018: ka bayyana abin da ake binka, a yafe maka tara da kuɗin ruwa. Kawu ya ji a rediyo ya ce tarko ne. Damar ta wuce. Da na sani ƙeya ce.

23/ Yanzu ga sabbin dokokin haraji da Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025. Mai samun naira 800,000 ko ƙasa da haka a shekara ba ya biyan harajin kuɗin shiga. Madalla. Amma sabuwar doka ba ta goge tsohon bashi ba, kar wani ya ruɗe ku.

24/ Gwamnati, ke ma ki ji. Ki daina turo 'yan sanda kafin ki turo mai bayani. Ki fitar da takardun nan da Hausa. Ki raba mu da masu rasit goma a bakin kasuwa. Ki nuna mana a fili inda kuɗin ke tafiya. Mai biya yana da bakin tambaya, kuma za mu tambaya.

25/ Mu kuma da aka kashe kuɗi aka sa a boko, wannan aikinmu ne. In ka koma gida hutu, buɗe durowar shagon Baba ko Kawu. In ka ga takarda mai tambarin hukuma, duba kwanan watan da ke kanta tun kafin ka cire takalmi.

26/ Mai shawarar yage takarda, na san za ka ga wannan. In ka isa, saka mana hoton taka da ka yaga. Sauran jama'a ku tura wa duk wanda ke da shago a gidanku. Allah Ya rufa mana asiri, Ya raba mu da bashi. 🤲