Sharhi: Yadda kwamfuta ke karanta sunayen Hausawa

A ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan da ke arewacin jihar Kaduna, kamar sauran sassan arewacin Najeriya, ba abin mamaki ba ne a samu mutum ɗaya da suna iri uku: Muhammad a makaranta, Mohammed a banki, Mamman kuma a katin zaɓe.

A da wannan ba ya damun kowa, domin malamin ofis ya san mai sunan. Amma tun da babban bankin Najeriya ya ƙaddamar da lambar BVN a shekarar 2014, sannan gwamnati ta wajabta haɗa layin waya da lambar NIN a watan Disambar 2020, hukumar JAMB kuma ta fara neman lambar daga masu jarrabawa a 2021, bambancin harafi guda na iya tsayar da manomin rake a banki ko ɗalibi a wurin rajista.

Tsarin NIN da na BVN na tantance mutum ne da hoton yatsunsa. Sai dai idan aka zo haɗa bayanan wata hukuma da na wata, ana duba ko sunaye sun dace.

Dabarar shekarar 1918

Masana kwamfuta sun daɗe da sanin wannan matsala. Dabarar da ta fi shahara ita ce Soundex, wadda Robert Russell ya yi wa rajista a Amurka a 1918, aka kuma yi amfani da ita wajen tsara sunayen da ke cikin tsofaffin takardun ƙidayar ƙasar. Har yanzu tana cikin manhajojin adana bayanai irin su Oracle da MySQL.

Yadda take aiki shi ne, ana barin harafin farko na suna, a zubar da wasula da haruffan h da w da y, sannan a ba sauran baƙaƙen lamba bisa yadda Turawa ke furta su, har a samu harafi ɗaya da lambobi uku.

Ta haka Muhammad da Mohammed da Muhammadu duk suna komawa M530, kwamfuta ta gane cewa suna ɗaya ne.

Inda gizo ke saƙa

Sai dai Mamman yana fitowa ne a matsayin M550, wato baƙo. Usman U255 ne, Osman kuma O255, saboda dabarar ba ta taɓa harafin farko. Abubakar A112 ne, alhali Garba G610 ne, Habu kuma H100, ko da yake kowane Bahaushe ya san Abubakar ake nufi. Haka Abdullahi da Audu.

A ɗaya ɓangaren kuma, Sule da Sale duk S400 ne, duk da cewa ɗaya Sulaiman ne, ɗayan Salihu. Ke nan dabarar na raba abin da yake ɗaya, tana kuma haɗa abin da yake daban. Haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ kuwa ba ta san da su ba.

Akwai kuma batun sunan iyali. An gina dabarar ne a kan al'adar Turawa ta gadon suna guda daga kaka zuwa jika. Bahaushe kuwa yakan ɗauki sunan mahaifinsa ko na garinsu, kamar tsohon gwamnan Kaduna Ahmed Mohammed Makarfi, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007. Idan ɗaruruwan mutane suka rubuta Makarfi ko Kudan a gurbin sunan iyali, gurbin ba ya bambanta kowa da kowa.

Mene ne mafita?

Wasu al'ummomin sun fuskanci irin wannan. A 1985 masu binciken salsalar Yahudawa suka fito da tsarin Daitch da Mokotoff domin sunayen gabashin Turai. A shekarar 2000 kuma Lawrence Philips ya fitar da Double Metaphone, wanda ke la'akari da lafazin wasu harsunan ban da Turanci.

Amma gyaran lafazi kaɗai ba zai haɗa Garba da Abubakar ba, domin alaƙarsu ta al'ada ce ba ta sauti ba. Abin da ake buƙata shi ne jadawalin sunaye da laƙabobinsu, aikin da masana Hausa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano za su iya yi tare da masu haɗa manhaja.

Kafin a kai ga haka, nauyin na kan talaka: rantsuwa a kotu, da cigiya a jarida, da kuɗin mota zuwa ofishin hukuma. Iyayen da ke yi wa yaro takardar haihuwa a Hunkuyi ko Ikara za su rage masa wahala idan suka tsayar da rubutun suna guda tun daga ranar, suka kuma tabbatar shi ne aka rubuta a firamare.