Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar NAFDAC Kan Magungunan Kaji

Zuwa ga shugabannin Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa,

Wannan wasiƙa tana jawo hankalin hukumar ga yadda masu kiwo da dama suke zuba magungunan kashe bakteriya, irin su tetirasaikilin da kolistin, a ruwa da abincin kaji ba tare da umarnin likitan dabbobi ba. Idan aka daɗe ana bayar da magani kaɗan-kaɗan, raunanan ƙwayoyin cuta sukan mutu, masu juriya kuma su hayayyafa, sannan su iso ga ɗan Adam ta nama da ƙwai da kashin kaji da ake takin gona da shi. Bijirewar bakteriya ga magani gaba ɗaya ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 1.27 a duniya a shekarar 2019.

Tarayyar Turai ta haramta amfani da waɗannan magunguna don saurin girman dabbobi tun 2006, Indiya kuma ta hana bai wa dabbobin abinci kolistin a 2019. Saboda haka ana roƙon hukumar ta hana sayar da su sai da takardar likita, ta kuma tilasta kiyaye wa'adin dakatar da magani kafin yanka.