Su Suna Neman Rama, Mu Muna Sayen Ƙiba



A hutun da ya wuce na je bikin wata 'yar uwata a Bakura. Ana gobe ɗaurin aure, muna ɗaki ana ƙunshi, sai na ga wasu 'yan mata biyu, waɗanda ba su wuce aji biyar na sakandare ba, suna raba ƙananan ƙwayoyi daga wata leda. Da na tambaya, ɗaya ta yi dariya ta ce, "Yaya, sha-ka-fashe ne. Ba kya ganin yadda muka bushe?" Tun ranar abin yake damuna, domin a lokacin da muke sayen ƙiba a kemis, ƙasashen da suka fi mu arziki suna kashe maƙudan kuɗi don su rabu da ita.

Ga abin da ke faruwa a can. Kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Danmak ya ƙera wata allura da ake yi sau ɗaya a mako, mai suna Ozempic. Amurka ta amince da ita a 2017 don masu ciwon sukari nau'i na biyu, wato wanda ya fi kama manya. Sai aka lura masu amfani da ita suna ramewa, don haka a 2021 aka fitar da maganin da wani suna, Wegovy, musamman don rage ƙiba. A 2022 kuma kamfanin Eli Lilly na Amurka ya fito da tasa allurar, Mounjaro.

Allurorin suna kwaikwayon wani sinadari ne da hanji ke fitarwa bayan an ci abinci. Shi ke sa jiki ya saki insulin mai sauke sukari, ya sa abinci ya daɗe a tumbi, ya kuma sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. A wani babban gwaji na mako 68, masu yin Wegovy sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu. A watan Satumban 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya irin waɗannan magunguna a jerin muhimman magunguna, don wasu masu ciwon sukari.

Amma likitoci suna jan kunne. Na farko, tsada: a Amurka kuɗin Ozempic na wata guda ya taɓa kai kusan dala 1,000. Na biyu, tana kawo tashin zuciya, amai da gudawa. Na uku, waɗanda suka daina, yawancin nauyin yakan dawo cikin shekara guda. Ga kuma jabu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kansa a watan Yunin 2024. Saboda haka duk wanda ya tallata muku "allurar rama" a TikTok, ku gudu.

Mu dawo kan ledar Bakura. Da yawa daga ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe deksametazon ne, maganin da likita ke bayarwa don asma ko kumburi, na ɗan lokaci kuma bisa ƙa'ida. Idan aka daɗe ana sha, fuska ta yi zagaye, jiki ya tara ruwa da kitse, a zaci hutu ne. A ciki kuwa sukarin jini yana hawa, hawan jini yana shigowa, ƙashi yana rauni, garkuwar jiki tana sauka. Wato yarinya ta biya kuɗi da hannunta ta kusantar da kanta ga ciwon da manomi a Maradun zai iya sayar da buhunan shinkafarsa ta Bakolori bai ga ƙarshen jinyarsa ba.

Laifin ba na 'yan matan kaɗai ba ne. Mu ne ke kiran siririya "sanda" a aji, mu ne ke cewa amarya ba ta ciko ba. Samari, ku ma akwai naku: lemon kwalba guda na iya ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali tara, wasunku kuma sai sun sha biyu a yini.

Abin da nake roƙo guda uku ne. Idan kina shan ƙwayoyin nan kin daɗe, kada ki yanke rana ɗaya, domin hakan ma haɗari ne. Ki gaya wa Inna ko malamarki a kai ki asibiti, likita ya rage miki a hankali. Sannan ku riƙe alamomin ciwon sukari: yawan fitsari har da dare, ƙishirwa marar yankewa, rama ba dalili, gajiya, gani dishi-dishi, da gyambon da ya ƙi warkewa. Yaro siriri ma yana iya kamuwa da nau'i na farko, wanda sai da allurar insulin ake rayuwa da shi. Na ƙarshe, ku lallaɓa Baba da Inna su yi gwaji. Fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba, alhali ɗigon jini ɗaya ne a yatsa. Idan an shigo kasuwar Talata Mafara ranar Talata, a biya ta babban asibiti da safe kafin a karya.

Ozempic zai daɗe bai iso garuruwanmu da farashin da talaka zai iya ba. Kafin nan, rigakafi ya fi magani.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.