WANE GARIN JAMI'A YA FI CANCANTA A YI MASA TATTAKI?



A ƙasar Amurka akwai wata al'ada da ta dace mu san ta. Idan kaka ta kama, sai abokai uku ko huɗu su haɗa kuɗin mai, su shiga mota ɗaya, su yi ta bin garuruwa don kallon wasannin jami'o'i. Yawancin garuruwan da suke nufa ƙanana ne, waɗanda jami'a ce ransu, kamar yadda Samaru take da Jami'ar Ahmadu Bello. In ɗalibai sun tafi hutu gari ya yi tsit, in sun komo kasuwa ta ci.

Masu wannan tafiya kullum cikin gardama suke a kan garin da ya fi. Da yawa daga cikinsu da girman filin wasa suke awo, waɗansu kuma da yawan kofuna. Ni dai a ganina wannan awo bai cika ba. Wasa awa biyu ne ko uku, amma baƙon da ya yi kwana yana tuƙi zai yi kwana biyu ko uku a garin. Saboda haka tambayoyi uku nake yi wa kowane gari. Na ɗaya, baƙo zai sami tikiti da masauki? Na biyu, me zai gani ran da ba a wasa? Na uku, me zai koma gida da shi a cikin kansa? Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Kafin mu kama hanya, sai mu san wasannin. Na farko shi ne ƙwallon Amurka, wanda ya sha bamban da tamaular da muka sani. Ƙwallon dogo ne kamar gwanda, a hannu ake runguma a ruga da shi, 'yan wasa kuma da hular kwano suke shiga fili. Yawanci ran Asabar ake yin sa, daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba, kuma kowace jami'a sau shida ko bakwai kurum take karɓar baƙi a shekara. Na biyu shi ne ƙwallon kwando, wanda ake farawa a Nuwamba a kai Maris. Ke nan mai hankali a watan Nuwamba zai yi tafiyarsa, ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Mu fara da Ann Arbor, a jihar Michigan, can arewa kusa da iyakar Kanada. Filin wasan jami'arta, wanda aka buɗe a 1927, yana ɗaukar mutum 107,601, kuma duk Amurka babu wanda ya kai shi. Mutanen garin gaba ɗaya ba su wuce wannan adadi da yawa ba. Ran wasa tun da safe ake cika wuraren ajiye motoci, kowa ya buɗe bayan motarsa ya hura gawayi yana gashin nama, 'yan badujalar jami'a kuma suna ratsa titi. A wannan fili ne Manchester United ta ci Real Madrid 3 da 1 a 2014, a gaban mutum 109,318. Amma abin da ya fi burge ni yana can gefe, a wani tsohon fili da ake kira Ferry Field. A nan ne ran 25 ga Mayu, 1935, wani ɗalibi baƙar fata, Jesse Owens, ya kafa sabuwar bajintar duniya har uku, ya kuma kamo ta huɗu, duk cikin minti 45. Shekara guda bayan haka ya ci zinare huɗu a Jamus. Aibin Ann Arbor ɗaya ne. Wanda ya sami kujera a can sama, 'yan wasa kamar tururuwa zai riƙa hangowa, ga kuma sanyin Nuwamba mai ratsa ƙashi.

Daga nan sai a yi gabas kamar mil 400 zuwa State College, a tsakiyar jihar Pennsylvania. Gari ne cikin duwatsu mai mutum wajen 40,000, amma filin wasansa yana cin fiye da 100,000. Sau ɗaya a shekara 'yan kallo duka sukan sa fararen kaya, fili ya yi fari fat kamar ran Idi. Abin kallo ne, ba shakka. To, amma ku yi lissafi da kanku. Garin mutum 40,000 in ya karɓi baƙi ninkin mutanensa, ina za su kwana? Kuɗin otal sai ya yi tashin gwauron zabo, waɗansu ma sai sun koma wani gari su kwana. Ran Lahadi da yamma kuwa an watse, sai tarin shara da layin motoci. Wannan gari ya ci jarrabawar ihu, amma ya faɗi tambayata ta ɗaya.

Sai a gangara kudu zuwa jihar North Carolina, inda ƙwallon kwando yake sarauta. Akwai garuruwa biyu, Chapel Hill da Durham, tsakaninsu bai wuce mil goma ba, kowanne da jami'arsa, kuma ba sa ga maciji da juna. Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill ta ci kofin ƙasa a 1957, 1982, 1993, 2005, 2009 da 2017. A wasan ƙarshe na 1982 wani ɗan aji ɗaya ne ya jefa ƙwallon da ta ba su nasara, sunansa Michael Jordan. Ita kuwa Jami'ar Duke da ke Durham ta ci a 1991, 1992, 2001, 2010 da 2015. Ga matafiyi wannan riba ce, domin da man mota kaɗan zai ga manyan ƙungiyoyi biyu. Sai dai zauren wasan Duke mutum 9,314 kurum yake ɗauka. Ɗalibanta da kansu tanti suke kafawa a waje, su yi makonni suna kwana cikin hunturu, don su sami shiga ran karawa da maƙwabtansu. In ɗan gida sai ya kwana a tanti, ina ga baƙo?

Daga Chapel Hill zuwa Tuscaloosa ta jihar Alabama tafiya ce kamar daga Kano zuwa Ikko. Masu awo da kofuna nan ne alƙiblarsu. Mai horarwa Nick Saban, wanda ya riƙe ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Jami'ar Alabama daga 2007 har ya yi murabus a Janairun 2024, ya kawo mata kofin ƙasa shida. Amma ni da zan sauka garin, ƙofar wani zaure da ake kira Foster zan fara zuwa. A bakin wannan ƙofa ne ran 11 ga Yuni, 1963, gwamnan jihar, George Wallace, ya tsaya da kansa don ya hana ɗalibai biyu baƙar fata, Vivian Malone da James Hood, shiga su yi rajista. Sai da Shugaba Kennedy ya sa soja a maganar sa'an nan ya kauce. Vivian Malone ta gama karatunta a 1965. Ƙungiyar ƙwallon kuwa ba ta sa baƙar fata a fili ba sai 1971. Wanda ya tsaya a wannan ƙofa da safe, da yamma ya shiga fili ya ga dubban mutane suna yi wa samari baƙar fata tafi, ya koyi darasin tarihi da ba zai manta ba. Saboda wannan na ba Tuscaloosa matsayi mai kyau, ko da yake garin wasa ɗaya tak ya sa a gaba.

Akwai kuma Eugene ta jihar Oregon, a can kusa da gaɓar teku ta yamma, garin guje-guje da tsalle-tsalle. Wani mai horar da 'yan gudu na jami'ar garin, Bill Bowerman, shi da tsohon ɗalibinsa Phil Knight suka kafa kamfanin da ya zama Nike. Mu 'yan Nijeriya muna da abin tunawa a nan. A filin Hayward, ran 24 ga Yuli, 2022, Tobi Amusan ta yi gudun tsallake shinge na mita 100 cikin daƙiƙa 12.12, ta kafa sabuwar bajintar duniya, kuma a ranar ta ci zinare, na farko da Nijeriya ta taɓa samu a gasar duniya ta wannan fanni. Ese Brume ita ma ta ci azurfa a dogon tsalle. Matsalar Eugene nisa ne da lokaci. Daga tsakiyar ƙasar ma sai an yi fiye da mil 1,500, kuma manyan gasanninta da bazara ake yi. Tafiyarta dabam ce.

To, wane gari na zaɓa? Na zaɓi Lawrence ta jihar Kansas, gari mai mutum ƙasa da 100,000, kamar mil 40 yamma da birnin Kansas City. Ga dalilaina.

Na farko, nan ne gidan mutumin da ya ƙirƙiro ƙwallon kwando. James Naismith malamin motsa jiki ne, haifaffen Kanada. A 1891, a garin Springfield, aka ce ya samo wa ɗalibansa wasan da za su yi a cikin ɗaki lokacin hunturu. Sai ya rataye kwandunan 'ya'yan itace biyu, ya rubuta dokoki 13. A 1898 ya koma Jami'ar Kansas da aiki, ya kafa ƙungiyarta, ya zauna a Lawrence har ya rasu a 1939. Ainihin takardu biyu da aka buga dokokin a kansu, wani tsohon ɗalibin jami'ar ya saye su a 2010 a kan dala miliyan 4.3, kuma tun 2016 suna ajiye a wani gini da ke manne da zauren wasa. Ko ana wasa ko ba a yi, suna nan. Wani abin mamaki, duk cikin masu horarwa da jami'ar ta yi, Naismith kaɗai ne aka ci shi fiye da yadda ya ci, watau ya ci 55 aka ci shi 60. Shi a wurinsa wasa hanyar gyara jiki da hali ce, kofi kuwa ƙari ne.

Na biyu, baƙo yana da damar shiga. Ƙungiyar tana wasa a gida fiye da sau goma sha biyu a shekara, har da tsakiyar mako. Wanda ya nufi wasannin farkon kaka ya fi samun tikiti da sauƙi, in masauki ya yi wuya kuma ga Kansas City nan kusa.

Na uku, ɗan Afirka ba zai ji shi bare ba ne. Joel Embiid na Kamaru a nan ya yi wasa daga 2013 zuwa 2014, haka kuma Udoka Azubuike na Nijeriya daga 2016 zuwa 2020. Billy Mills, ɗan asalin Indiyawan Amurka wanda ya ci zinaren gudun mita 10,000 a wasannin Olamfik na 1964, shi ma a makarantun Lawrence ya yi karatu.

Na san wani zai ce, "Kai malam, ni ihu da ganga suka kawo ni, ban zo ajin tarihi ba." To, ya kwantar da hankalinsa. Zauren Allen, wanda aka buɗe a 1955, a 2017 ya shiga littafin Guinness da cewa ba a taɓa auna ihun 'yan kallo a cikin ɗaki da ya kai nasa ba. Kofin ƙasa kuma an kawo shi garin a 1952, 1988, 2008 da 2022. Ga shi kuma a zaure ɗan kallo yana kusa da 'yan wasa, har yana jin ƙarar takalmansu. Saboda haka jerina shi ne Lawrence, Ann Arbor, Tuscaloosa, Chapel Hill da Durham, sa'an nan State College.

Wataƙila a ce mene ne ruwanmu da garuruwan da ke bayan teku. Akwai ruwanmu. Duk samarin nan da dubbai suke yi wa tafi ɗalibai ne, kuma wanda makinsa ya faɗi a aji, doka ta hana shi shiga fili. Gaskiya ne kuɗi sun shiga harkar ƙwarai, domin tun 2021 aka yarda ɗalibi ya sami kuɗi da sunansa, a 2025 kuma aka yarda jami'a ta biya shi da kanta. Duk da haka kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu suke zama ƙwararrun 'yan wasa. Sauran da takardar shaidar karatu suke cin abinci. Nan gida ma muna da misali. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a nan ya fara jefa ƙwallon kwando, kuma shi ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, in sun ga ɗansu ko 'yarsu ta komo da ƙura a ƙafa daga filin makaranta, su nemi ganin sakamakon jarrabawa kafin su ɗauki bulala. Mu kuma 'yan'uwana, kada mu bari ƙwallo ta raba mu da littafi, domin garuruwan nan duka jami'a aka fara ginawa kafin a share fili. In Allah ya nufi waninmu da zuwa Amurka, ya tuna da tambayoyin nan uku kafin ya tayar da mota, in ya komo kuma ya ba mu labari, ko jerinsa ya yi daidai da nawa.

Allah ya ba mu sa'ar karatu da lafiyar jiki, amin.